Akwatin gilasan awon ido: wata huɗu ina gwaji a kan mutanen gidanmu

Mu uku muka yi karo-karo muka saya, domin a makaranta sau ɗaya a mako muke shiga ɗakin gwaji, kuma kafin firam, wato abin da ake sa wa mutum a fuska a riƙa zura gilasan a ciki, ya zagayo hannunka lokaci ya ƙare. Irin mai guda 266 ɗin nan ne: gilasan sifiya (masu gyara ganin nesa ko na kusa) masu ƙarfi daga 0.25 har 20.00, na silinda (masu gyara idon da lanƙwasarsa ba ta daidaita ba) har 6.00, ga firizim (mai karkatar da haske), ga murfin rufe ido da mai ɗan huji. Masu jan baki na ragi ne (-), masu baƙin baki na ƙari (+), ko cikin duhu-duhu ba ka cika ɗaukar wani a madadin wani ba. Silindar Jackson kuwa, wato gilashi mai mariƙi da ake juyawa don daidaita silinda, babu ita a ciki, daban muka sayi ta 0.25.

Ɗakina bai kai mita 6 da ake bukata tsakanin mutum da allon haruffa ba, sai na rataya madubi a mita 3, allon haruffa na madubi a bayan kujera.

Ƙanena ne ya fara koya min hankali. Shekararsa 15, idonsa garau. Duk gilashin ragi da na ɗora sai ya ce, "Yaya, wannan ya fi." Ina ta ƙarawa ina jin kaina gwani, har muka kai -1.50. Ashe tsokar idonsa ce ke haɗiye ragin, haruffan ƙanƙancewa kawai suke suna ƙara baƙi. Washegari na yi abin da malam ya sha nanatawa: na fara sa wa idon hazo da +1.00 har ganinsa ya sauko wajen layin 6/18 a allo (6/6 ne gani mai kyau), sannan na riƙa ragewa 0.25 bayan 0.25. A +0.50 ya karanta 6/6 sarai. Da majinyaci ne, da na sallame shi da tabarau mai sa ciwon kai. Na karanta wannan a takarda ya fi a ƙirga, amma sai ranar ya zauna min.

Kakata kuma nata salon daban. Na juya silindar Jackson na ce, "Hajiya, na farko ko na biyu?" Ta ce, "Kai maigida, duk wanda ka ba ni ai alheri ne." Dole na bar wannan tambayar, na kawo allon E na ce ta nuna da hannu inda ƙafafun suka fuskanta. Idon hagu ya ƙi wuce 6/36, ko da mai ɗan huji bai motsa ba. Nan na rufe akwati muka kai ta asibiti, aka ce yana ce.

To, aibinsa. Firam ɗin da ya zo da shi nauyi gare shi kamar me, minti goma ya bar shaida a karan hanci, yana kuma zamewa, tazarar da ya kamata ta tsaya wajen milimita 12 daga ido ta lalace. Zoben kusurwa ma sako-sako ne: ka saita silinda a digiri 90, mutum ya ɗan sunkuya, ka tarar da ita a 80. Sannan da muka bi gilasan ɗaya bayan ɗaya a na'urar auna gilashi, mun samu wani da aka rubuta -2.25 alhali -2.00 ne. Mai sayarwar ya ce zai canza, har yau muna jira. Na ɗaura masa zare don kada a manta.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Yanzu hannuna da kansa yake gyara sifiya da 0.25 duk lokacin da na canza silinda da 0.50, abin da a da sai na tsaya lissafi. Wanda zai saya, ya nemi abokan haɗin gwiwa, ya auna kowane gilashi a makon farko, ya kuma ware kuɗin wani firam ɗin. Namu sabon yana hanya, jibi ake sa ran isowarsa.