Hattara da mai tallan tsofaffin agogo a Facebook, ya ci min 85,000

Naira 85,000. Tun Laraba nake maimaita kuɗin nan a raina, barci ma ya ƙi.

Kuma kada wani ya ce min garaje na yi. Na san agogon da na saya, Seiko 5, irinsa marigayi mahaifina ya ɗaura har ya bar duniya. Na juya bayan agogon, na ga lambar inji 6309, lambar ƙira ta fara da 79, wato watan tara na 1977, daidai da abin da mai tallan ya faɗa. Na girgiza shi, ya tashi. Me kuma ya rage?

A Kwangila ta Zariya muka haɗu, ƙarƙashin gada, dab da magariba. Yanzu na gane dalilin zaɓen lokacin. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi na babana ne, daga Makka ya zo da shi, fuskar nan ko hannu ba a taɓa sa mata ba." Har da rantsuwa. Kafin nan ma, a WhatsApp, 120,000 ya fara cewa, ni ina murna na karya farashi. Ashe ni aka karya.

Jiya, a'a shekaranjiya, na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari don a rage min sarƙa. Ya maƙala gilashinsa a ido, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Ɗana, nawa ka saya?" Ashe sabon fenti aka yi wa fuskar agogon. Haruffan SEIKO sun yi kauri, tawada ta nashe a gefe. Layukan minti ba su hau kan sandunan awa ba. A ƙasan ƙarfe shida, inda ya kamata a ga JAPAN da lambar inji, JAPAN MADE kawai aka rubuta. Shi kuma hasken da ya ruɗe ni da daddare, ya ce maganin hasken da ya shekara kusan hamsin ya daɗe da dushewa. Da ya buɗe, injin 7009 ne a ciki, ba 6309 ba. Haɗe-haɗen Indiya, in ji shi.

85,000, kuɗin da na tara wata uku. Na kira mai tallan, layi a kashe, ya kuma toshe ni.

Kada ku sayi tsohon agogo da yamma, kada ku tura kuɗi sai mai gyara ya buɗe shi a gabanku. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin suna nan, zan ɗora su anjima in an kawo wuta.