Gargaɗi kan masu sayar da harsashin cikon hannu da sunan na kamfani

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa mazauna Amurka masu farautar barewa da bindigogi irin su Winchester 1894 da Marlin 336, waɗanda ake ɗana su da mariƙin ƙasa, harsasansu kuma suna jere cikin bututu a ƙarƙashin hancin bindigar. Akwai 'yan damfara da ke tsince kwanson harsashin da aka riga aka harba, su sake ɗura masa albarushi a gida, su zuba shi cikin kwalin kamfani, sannan su tallata shi a intanet ko a bajekolin bindigogi da farashi mai rahusa.

Cika harsashi don amfanin kai ba laifi ba ne a dokar tarayyar ƙasar, amma wanda ya mayar da shi sana'a sai yana da lasisin ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, kuma mai lasisi ba ya ɓoye sunansa cikin kwalin wani. Asarar kuɗi ita ce mafi sauƙi a lamarin. A cikin bututun nan, bakin kowane harsashi yana tokare da gindin na gabansa, daidai kan 'yar hular da ke kunna albarushi. Idan bakin mai tsini ne kuma mai tauri, jijjigar harbi kaɗai tana iya sa shi ya daki hular, harsasan su tashi a jere cikin bututun, wato daidai inda hannun maharbi yake riƙe. Saboda haka ne ake yin harsashin .30-30, wanda aka saba amfani da shi a irin waɗannan bindigogi kuma ya fito tun 1895, da baki mai faɗi ko mai kumbo, kuma da kamfanin Hornady ya so kawo mai tsini a samfurinsa na LEVERevolution, sai ya yi tsinin da roba mai laushi. Mai neman riba cikin gaggawa ba ruwansa da wannan, duk kan harsashin da ya samu da araha shi yake ɗorawa.

Haka kuma, idan ba a matse bakin kwanson sosai ba, matsin da ke cikin bututun yakan tura kan harsashin ya nutse ciki, ƙarfin fashewar ya haura abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka.

Kafin ku biya, ku buɗe kwalin ku duba gindin harsasan ɗaya bayan ɗaya. Idan tambarin da ke jikinsu ya sha bamban a kwali guda, ko tsawonsu bai daidaita ba, ko hular gindin ta ɗan turo waje maimakon ta kwanta, to cikon hannu ne, ko da mai sayarwa ya rantse. Wanda kuma ya ƙi a buɗe kwali, ko ya nace sai an biya shi da katin kyauta ko kuɗin kirifto, ku bar masa kayansa. Idan kun riga kun saya, kada ku gwada ko guda ɗaya, ku kai rahoto ga ATF tare da kwalin da shaidar biyan kuɗin.