Ƙaramar Rauta Mai Araha: Wacce Za Ka Saya Don Aikin Katako a Gida?

Duk wanda ya taɓa haɗa benci ko kanta da hannunsa ya san inda aikin gida ke tonuwa, wato a baki. Katako ya miƙe, ƙusa ta shiga daidai, amma gefen na nan da kaifi, yana kama riga, yana kurje gwiwar yaro. Sanfefa na rage kaifin, sai dai ba za ta ba ka lanƙwasar nan mai santsi, iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da kake gani a kayan kafintocin birni ba. Wannan aikin rauta ne, wato injin da ke juya wani ɗan ƙarfe mai kaifi da sauri yana sassaƙar katako; ƙarfen shi ake kira baki. Kuma ga mai yin aikin don sha'awa, bayan ya taso daga gona ko makaranta, ƙaramar da ake riƙewa da hannu ɗaya ta wadatar. Da ita za ka zagaye bakin tebur, ka daidaita fomeka da gefen filawud, ka fafe gurbin hinji a jikin ƙofa, ka yi kwarin da allon kanta zai zauna a ciki, har ka sassaƙa suna a jikin katako. Abin da ba za ta yi maka ba shi ne manyan zanen ƙofa da kan gado, waɗanda ke bukatar babbar rauta mai ɗaukar baki na milimita 12.

Mu nan ƙauyukan Ringim da Taura, kafin a kai ga maganar sunan kamfani akwai tambayar da ta riga ta: da wace wuta za ka tayar da ita? Yawancin waɗanda suka yi asara a wannan ciniki a nan suka faɗi.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ko ta KEDCO ce ko ta janareta. Don haka abu na farko da za ka duba shi ne 'yar takardar da ke manne a jikin injin, ka ga an rubuta 220 zuwa 240. Cikin kayan kwatano ana samun rauta masu kyan gaske da aka shigo da su daga Amurka ko Japan, kuma farashinsu na jan hankali, amma na Amurka bolt 120 suke sha, na Japan 100. Ka jona irin wannan a soket ɗinmu kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai rage wuta, wanda in ka haɗa kuɗinsa da nata arahar ta gudu.

In ƙaramin janareta Tiger ne da kai, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kada lambar 950 da ke jikinsa ta ruɗe ka. Ƙarfinsa na gaske bai fi wajen wat 650 ba. Rauta mai wat 500 zuwa 550 za ta tafi da shi, in ba ka haɗa masa wani kaya ba. Amma ka sani injin irin wannan yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta masa a daidai lokacin da aka kunna shi, shi ya sa za ka ji janareta ya shaƙe kamar zai mutu sannan ya farfaɗo. Masu tashi a hankali, waɗanda ke fara juyi sannu-sannu kafin su kai ƙarshen gudu, sun fi tausaya wa ƙaramin janareta, kuma ba sa fizgar hannunka. Wanda kuma sola ce da shi, ya duba irin inbatarsa. Masu arahar inbata ba sa ba da wuta mai laushi irin ta layi, kuma rauta mai dabarar rage gudu takan yi gardama da su, ta yi ta gurnani ko ta ɗau zafi.

To, bari mu zo kan su kansu injinan. A kasuwannin Kano, ko a Ƙofar Ruwa ko a shagunan Sabon Gari, kusan kashi uku za ka tarar.

Akwai masu gudu ɗaya, kunna ka kashe, babu wani maɓallin ƙari ko ragi. A nan Makita 3709 take, mai wat 530 da juyi 30,000 a minti ɗaya, da Bosch GKF 550 mai wat 550 da juyi 33,000. A nan ne kuma mafi yawan na Ingco da Total suke, waɗanda suka cika shagunanmu kuma kuɗinsu bai kai na waɗancan ba. Ni ina ganin ƙimar wannan rukuni ƙwarai ga mutumin ƙauye. Babu wani allon lantarki a ciki da zai ƙone in wuta ta yi wasa. Kwayil ne da gawayi (ƙananan guntayen da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa) da boris, kuma duk mai gyaran janareta ko injin niƙa na kusa da kai zai iya buɗe ta ya gane inda matsalar take. Rauninsu guda biyu ne: gudun ya yi yawa ga baki mai faɗi, sannan gindinsu galibi na roba ne mai haske. Robar na da amfani don kana hango abin da kake yanka, amma in ta faɗo daga kan benci takan tsage, kuma kusoshin da ke riƙe zurfi na saurin sakewa in ta tsufa.

Sai masu rage gudu da gindin alminiyam. Uwarsu ita ce Makita RT0700C, wat 710, juyi daga 10,000 zuwa 30,000, jikinta zagaye mai faɗin milimita 65. Kamfanoni da yawa na Sin sun kwaikwayi wannan ƙira har da ma'auninta, suna sayarwa da sunansu a farashi mai sauƙi, kuma sau da yawa gindin waccan da kayan haɗinta na shiga jikin waɗannan. Abin da ya fi burge ni a wannan ƙira shi ne yadda ake saita zurfi: ka ɗaga 'yar maƙalar gefe, ka murza dunƙulen, injin ya hau ko ya sauka a hankali, ka mayar da maƙalar ta kulle ƙam. Wanda zai riƙa fafe gurbin hinji ko kwarin kanta, inda kuskuren milimita ɗaya ke sa ƙofa ta ƙi rufuwa, wannan ce tasa. In aljihu ya kai ga ta ainihin, madalla. In bai kai ba, kwaikwayon da ya fito da sunan kamfaninsa a fili ya fi mini wadda aka manna wa sunan babban kamfani ana sayar da ita rabin kuɗi. Mai sunansa ka san abin da ka saya. Jabu kuwa ko gawayinta ba lalle ka samu wanda ya dace ba.

Na ukun su ne masu batir, bolt 18 ko 20, wanda a gaskiya abu ɗaya ne, lissafin kamfani ne ya bambanta. Ga garin da babu layin wuta sam, suna da hujja mai ƙarfi: caja ba ta jan wuta da yawa, ƙaramar sola ma za ta cika batir da rana, kai kuma ka yi aikinka a gindin darbejiya ba waya ba ƙarar janareta. Amma a yi lissafi. Sau da yawa farashin da aka faɗa maka na gangar jiki ne kawai, batir da caja daban. Rauta kuma na shan batir da sauri, ƙaramin da aka rubuta wa 2.0Ah a jiki ba zai kai ka ko'ina ba, sai mai 4.0Ah zuwa sama. Ga zafin bazara, wanda ke gajarta ran batir in ana barinsa a ɗakin kwano. Shawarata, in kana da injin huji na batir tun da farko, nemi rauta ta kamfani ɗaya da shi ka riƙa musanya musu batir. In ba ka da shi, mai waya ta fi maka.

An ce araha ba ta ado. A kan rauta ban yarda da maganar gaba ɗayanta ba, domin na ga mai araha ta fitar da bakin tebur da ba za ka bambanta shi da na mai tsada ba. Inda araha ke cutarwa da gaske shi ne a kolet, wato ɗan ƙarfen nan mai tsaga da ke matse ƙafar baki a cikin injin. A nan nake so a tsaya a karanta da kyau. Ƙananan bakuna iri biyu ne ke yawo a kasuwa: masu ƙafar milimita 6, da masu kwatar inci, wato milimita 6.35. Da ido ba za ka raba su ba. Baki mai kwatar inci ba zai shiga kolet mai 6 ba, wannan da sauƙi, za ka gane nan take. Haɗarin yana ɗaya ɓangaren: baki mai 6 zai shiga kolet mai kwatar inci sumul, ka ɗaure da sifana ka ji kamar ya kama, alhali bai kama ba. Abin da ke juyawa sau 500 a daƙiƙa ɗaya in ya fara zamewa, ko dai ya nutse cikin katako ya ɓata aikin, ko ya fice ya nufi inda Allah ya so. Don haka ka sayi rauta da bakunanta rana ɗaya, a gwada maka su a gabanka, kuma in da mai zuwa da kolet biyu a kwali, ita za ka ɗauka.

Kada ka ji nauyin mai shago. In ya ce, "Malam, sabuwa ce fil, yanzu aka fasa kwalinta," ka ce masa, "Na yarda, Alhaji, amma daga nesa nake, in na kai ta gida dawowa aiki ne. Don Allah a jona mini ita in ji kukanta." Kafin a jona, ka sa miƙaƙƙen baki ka ɗaure, ka juya shi da yatsa kana kallon tsininsa. Ya kamata ya juya a wuri ɗaya. In yana lilo ko kaɗan ne, ajiye ta. Ka kama bakin ka girgiza gefe da gefe, kada ka ji motsi. Sannan ka kulle gindin ka danna kan injin da tafin hannu da ƙarfi, ka ga ko zai zame ƙasa. In an kunna, lafiyayya kuka ɗaya take yi, siriri, ba ƙara-ƙara irin ta yashi a cikin boris. Leƙa ta ramukan iska na sama: ɗan tartsatsi kaɗan wajen gawayi ba komai ba ne, amma wuta mai zagaye amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin, alamar ciwo ce. Ka kuma tambaya ko yana da gawayinta na canji, ka haɗa da guda biyu tun a ranar.

Kuɗin da ka rage a kan injin, zuba shi a baki. Akwatin nan mai bakuna goma sha biyu ko fiye da ake sayarwa da araha yana da daɗin kallo, amma uku ko huɗu kawai za ka riƙa taɓawa: miƙaƙƙe na milimita 6, mai zagaye gefe, mai daidaita fomeka wanda ke da ɗan boris a ƙarshensa, sai wataƙila mai yanka gefe a karkace. Gara ka saye su ɗaiɗai, masu haƙorin kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, domin filawud da MDF (allon garin katako da aka matse) cike suke da gam, kuma baki na ƙarfe zalla ba ya daɗewa a cikinsu yake dakushewa. Ɗan boris ɗin nan na ƙarshen baki shi ke fara mutuwa, musamman da hunturu in ƙura ta shige shi. In ya daina juyawa sai ya ƙone gefen katakon da baƙin layi. Ka riƙa goge shi kana ɗiga masa ɗan mai.

Irin katakon da za ka sara shi ma yana da ta cewa. Farin katako da malaina, waɗanda ake samu a 'Yan Katako na Na'ibawa, kowace rauta za ta ci su ba wahala. Maɗaci na bukatar baki mai kaifi da haƙuri. Ƙirya da marke kuwa, in ka ce za ka nutsa baki a cikinsu lokaci guda, ƙaramar rauta za ta yi ta kuka har kwayil ya yi wari. Ƙa'idar da ke tsare injin mai araha ita ce kada ka ci fiye da milimita 3 a wucewa ɗaya; kwari mai zurfin 9, ka bi shi sau uku. In gefen katakon na fuskantarka, tafi daga hagu zuwa dama, don bakin ya riƙa turo maka kana tura shi. In ka bi daga dama zuwa hagu, bakin zai ja injin ya gudu da kai. Kuma katakon da aka ciro daga tsohon rufi ko akwati, a bincike shi sosai, ƙusa ɗaya da ta ɓuya ta isa ta fasa haƙorin baki.

A cikin kasafinka ka bar gurbin tabarau na kariya, da abin toshe kunne, da takunkumi mai kyau. Hukumar binciken cutar daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman a hanci, kuma ta MDF ta fi kowacce laushi da tashi. Yi aikin a waje, nesa da inda ake girki da inda yara ke wasa, ka naɗe hannun riga, ka matse katakon a jikin benci maimakon ka sa yaro ya riƙe maka. Wayar ƙari kuma ta zama mai kauri, aƙalla wadda aka rubuta wa 1.5mm² a jiki, kuma a zare ta daga soket duk lokacin da za a canza baki.