Na Iran ko na Koriya? Ga wanda za ki fara da shi

Ƙanwata, tsakanin finafinan Iran da na Koriya da kika ce kina son gwadawa tunda na Indiya sun fara gundurar ki, ni dai na Iran zan ce ki ɗauka, kuma ban ɓoye miki ba, akwai son zuciya a maganata. Ina da guda bakwai a wani tsohon filash da nake ɓoyewa cikin jakar takardun makarantar yara, don kar wani ya goge mini su ya zuba waƙoƙi. Na Koriya kuwa sau ɗaya na taɓa saye da kuɗina, kuma har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Na farkon da na fara gani cikin na Iran shi ne Children of Heaven na Majid Majidi, fim ɗin 1997. In aka ba ki labarinsa da baki sai ki ce wannan ma har fim ne? Wani yaro Ali ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wurin mai gyara, ya ajiye a bakin shago ya shiga sayen dankali, mai kwasar tarkace ya haɗa da shi ya tafi. Shi ke nan. Gidansu babu, uwar ba ta da lafiya, ana bin su kuɗin haya, don haka yaran suka haɗa baki ba za su faɗa ba. Ita tana zuwa makaranta da safe da kambas ɗinsa, in an tashi ta sheƙo da gudu su haɗu a lungu, ta cire ya zura, shi ma ya ruga don ya riski tasa makarantar ta rana. Daga baya aka sa gasar tsere wadda kyautar wanda ya zo na uku takalmi ne. Yaro ya shiga gasa yana addu'ar kar ya zo na ɗaya, kar ya zo na biyu. Ba zan gaya miki yadda ta kaya ba.

A falonmu na Tudun Wada muka gan shi, wani dare da aka ɗauke wuta, a kwamfutar maigidan da ta rage sauran caji kaɗan. Surukata, wadda muke kira Inna, tana kan darduma tana lazimi, ita da ba ta kallon komai sai tafsiri, in ta ga 'yan Indiya sun fara rawa sai ta juya baya. Ban san lokacin da ta matso ba. Akwai wurin da uban yake zaune yana farfasa sukarin masallaci da aka ba shi ya gyara, 'yar ta kawo masa shayi, ga tulin sukari a gabansa amma ya ce a ɗebo masa daga na gida, don wancan amana ce. Sai kawai na ji Inna a bayana ta ce, "Wannan mutumin kirki ne." Ba ta karanta Turancin da ke gudu a ƙasan allo, ni nake faɗa mata a gurguje, amma rabin fim ɗin ma ba ya buƙatar fassara. Da aka zo inda yaran suka gano takalmin a ƙafar wata yarinya, suka bi ta har gida don su karɓa, suka tarar ubanta makaho ne, suka juya ba su ce uffan ba, Inna ta sa bakin mayafi tana share ido. Washegari da kanta ta ce a sake sa mata "na yaran nan masu takalmi."

Fim ɗin nan shi ne na farko daga Iran da ya shiga jerin masu neman kyautar Oska, a 1999, sai dai wani na Italiya ne ya ɗauke. Bai kai awa ɗaya da rabi cif ba, ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wanda ya zauna mini a rai kuwa shi ne A Separation na Asghar Farhadi, 2011. Shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Balin ta Jamus a shekarar, sannan a 2012 ya kawo wa Iran Oskarta ta farko. Ana buɗe shi da miji da mata zaune gaban alƙali, ke mai kallo kina mazaunin alƙalin, suna kallon ki ido cikin ido kowa yana kawo hujjarsa. Simin tana son su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu. Nader ya ce ba inda za shi, mahaifinsa na fama da ciwon nan na mantuwa da ke kama tsofaffi. Ta ce masa tsohon bai ma san kai ɗansa ba ne. Ya ce ai shi ya san ubansa ne. A nan na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida, don a lokacin shekara guda ke nan da rasuwar mahaifina, wanda ya yi shekara biyu yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa.

Ki ga yadda labarin ya tafi. Matar ta koma gidansu, mijin ya ɗauko wata mata mai suna Razieh ta riƙa kula da tsohon, mai riƙon addini, ga juna biyu, ga miji da bashi ya yi wa katutu, kuma bai san ta karɓi aikin ba. Ranar farko tsohon ya yi fitsari a wando. Ita mace, shi ba muharraminta ba, babu kowa a gidan. Sai ta ɗauki waya ta kira layin fatawa tana tambaya ko akwai zunubi in ta canza masa kaya. Don Allah wace mace ce a Kaduna da ta taɓa jinyar tsoho ba ta tsaya a wannan gaɓar ba? Daga nan rigima ta tashi, aka yi ture-ture a bakin ƙofa, ciki ya zube, magana ta je kotu, aka shiga batun diyya, har aka kai ga a ɗauko Alƙur'ani a rantse. Kowa a fim ɗin sai da ya yi ƙarya, kuma kowa in kika tsaya a inda yake tsaye sai ki ga ke ma da wuya ki tsira. Babu mugu, babu jarumi mai dukan mutum goma. Ni da maigidan mun kwana biyu muna musu a kan wa ya fi laifi, har yau ba mu daidaita ba. Shi yana bayan mijin, ni kuma ina ganin taurin kansa ne ya jawo komai.

Dalilin da ya sa za ki iya kallon su ko gaban wa, ba wai daraktocin waliyyai ba ne. Doka ce. Tun bayan juyin juya halin 1979, ba a nuna mace babu ɗankwali ko da a ɗakinta take, kuma namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara ko da miji da mata suka fito. Wannan takurar ce ta sa suka koyi faɗin magana da kallo da shiru, kuma tana cikin dalilan da suka sa da yawansu suka koma yin labari da yara. Abbas Kiarostami ma yana da wani na 1987 da bai wuce yaro ya ɗauko littafin abokinsa bisa kuskure yana yawon neman gidansu a ƙauye don kar a kore shi daga makaranta ba. Na san a garin nan da an ce Iran wasu sun ɗaga gira, wasu kuma iyakar abin da suka sani shi ne dogon fim ɗin Annabi Yusuf da aka yi yayinsa. Waɗannan daban suke. Ba wa'azi a ciki, ba kiran kowa zuwa wata aƙida, rayuwar gidan haya ce da kotu da asibiti. Wasu daga cikin masu yin su ma ba sa ga maciji da gwamnatinsu, Jafar Panahi a 2010 aka yanke masa hukuncin hana shi yin fim na shekara 20. Wani daɗin kuma, kunnenki zai riƙa tsintar kalmomi a Farisancinsu, salam, haram, insha Allah, har ki ji kamar maƙwabta ne ke faɗa ta bayan katanga.

Aibinsu ɗaya, kuma gara ki sani tun yanzu: suna tafiya a hankali, babu waƙa, babu kiɗan da zai gaya miki lokacin kuka ya yi. In kin saba da na Indiya, minti ashirin na farko za ki yi ta duba waya. Ki kife ta.

To, Koriya. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun iya aiki, hotonsu fes, kuɗi na magana. Parasite na Bong Joon-ho, 2019, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Kan a Faransa, ya kwashi Oska huɗu a 2020, kuma shi ne fim na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya ci kyautar fim mafi kyau gaba ɗaya. Wurin da ruwan sama ya cinye ɗakin talakawan da rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa, alhali matar attajiri tana murnar ruwa ya wanke gari, duk wanda ya taɓa kwashe katifa a unguwannin bakin kogin Kaduna cikin Agusta ya san wannan. Iyakar yabona ke nan. Jin an ce ya ci kyaututtuka na sa shi a falo da yamma, Inna na zaune, ƙanin maigidan na zaune. Ana tsakiyar kallo sai ga attajirin fim ɗin da matarsa a kan kujerar falonsu suna abin da ba a faɗa. Na yi tsalle neman rimot na shure kofin kunu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki butarta ta fita, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Da na ƙarasa shi ni kaɗai daga baya, ƙarshen ma wuƙa ce da jini. Sauran da ke cikin tarin na Koriya da na saya ko dai giya ake sha a kowane zama, ko kuma masu dogon zango ne, kashi goma sha shida, kowanne awa guda, ki kwana ido biyu ki tashi tuwo ya ƙone. In dai sai kin gani, ki gani ke kaɗai, da abin sawa a kunne.

Ba ki tambaye ni ba, amma ki yi hattara da masu turi. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah, amma wanda na faɗa hannunsa ya koya mini hankali. Memori ya sayar mini wai gig 64, ya ce ya cika shi da na Koriya talatin. Da na zo gida guda shida ne suka buɗe, sauran suna ne kawai, kina dannawa sai allo ya yi baƙi. Ashe jabun memori ne, ƙarami aka yi wa dabara yake nuna babba, duk abin da aka zuba bayan ya cika iska ne. Cikin shidan ma biyu 'yan Caina ne aka canza wa suna, ɗaya kuma fassarar ƙasan tana riga bakin mai magana da kusan minti guda, kina karanta amsa kafin a yi tambaya. Da na koma sai ya rantse wayata ce ke da matsala. Don haka ki je da filash ɗinki da kika yarda da shi. Kar ki miƙa wa kowa wayarki ya jona a kwamfutarsa kina tsaye a waje, hotunanki na ciki, kuma ba ki san me zai kwafa ko me zai zuba miki ba. Kafin ki biya ya buɗe kowane fim a gabanki, farko da tsakiya da ƙarshe, ki ga fassara na tafiya daidai da baki. Ki duba tsawon kuma: na takalmi kusan awa ɗaya da rabi, A Separation awa biyu da 'yan mintoci. In kika ga minti hamsin, an yanke. In kuma ya ce miki ba shi da su amma ga "irinsu," ki gode masa ki wuce. Mafi kwanciyar hankali, in kina da datar, ki fara neman su a manhajojin kallo na biyan kuɗi, can ba a sayar miki da gaibu.

Ki fara da na takalmin, ki tara yaran da duk tsohuwar da ke gidan, ranar Juma'a da daddare. Bayan mako ki sa A Separation, wannan ke da maigidan in yara sun yi barci, don nauyinsa ba na yara ba ne. Sai dai in ya zo ƙarshe kika ga su biyun zaune a barandar kotu, ɗaya ta wannan gefen ƙofa ɗaya ta wancan, suna jiran 'yarsu ta faɗa wa alƙali wanda za ta bi, kuma sunaye suka fara hawa allo ba a faɗa ba, kar ki ɗauki mayafi ki koma wa mai turi da masifa. Wannan karon ba shi ya yanke ba, haka Farhadi ya bar shi.