Kerbal ko Orbiter: wanne ya dace da mai son haɗa kumbo?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace manhaja za ka ɗauka don haɗa kumbonka na farko a kwamfuta, Kerbal Space Program ko Orbiter. Na taɓa su duka, kuma abin da ake kira haɗawa a wannan ba shi ne a wancan ba.

A Kerbal, wadda kamfanin Squad na Meziko ya fitar da cikakkiyarta a 2015, kai ne maƙerin. Za ka shiga zauren haɗa roka, ka jawo ɗakin matuƙi, ka liƙa tankin mai a ƙasansa, sannan inji. Abu biyu ke kayar da sabon shiga. Dole ƙarfin injin ya rinjayi nauyin rokar, in ba haka ba tana nan zaune tana shan mai, ko motsi. Sai jerin matakai, wato abin da zai kama aiki duk sanda ka danna dogon maɓallin nan na ƙasan kibod. Ni a tashina na farko na bar laimar sauka a mataki ɗaya da inji. Ina dannawa roka ta ɗaga, laima ta buɗe, sai ga ta tana ta juyi a iska har ta rikito.

Orbiter kuwa, wadda Martin Schweiger ya fitar a 2000, kyauta ce, kuma ba ƙira ake yi a cikinta ba. Kumbunan a shirye suke zuwa, irin su Delta-glider da Atlantis. Shirinka a rubuce yake, cikin fayil mai ƙarewa da .scn da ko Notepad zai buɗe. Layin STATUS Landed Earth na nufin kumbon na ƙasa. PRPLEVEL 0:1.0 tanki cike ke nan. Mayar da shi 0:0.5, ka tashi da rabi. Amma ƙirƙirar sabon kumbo naka na kanka sai da zanen siffarsa da fayil ɗin .cfg mai ɗauke da bayanansa, wani lokacin har da C++, yaren rubuta manhaja. Nan ne gumi yake.

Duniyoyin ma sun bambanta. Kerbin, duniyar da ake tashi daga cikinta a Kerbal, ƙarama ce, kilomita 600 daga tsakiyarta zuwa doronta, iskarta ta ƙare a kilomita 70, don haka kuskure bai cika tsada ba. Orbiter duniyarmu ce da girmanta, sai ka kai gudun kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa kafin ka zauna a falaki, wato ka riƙa kewaya duniya ba ka faɗo ba, kuma tana lissafa ƙarfin jan da rana da wata da duniya ke yi wa kumbo lokaci guda. Kerbal jan abu ɗaya take lissafawa, na wanda kake cikin yankinsa.

Tunda haɗawa ka ce, fara da Kerbal, duk da ta kuɗi ce. Ranar da ka ji tuƙin ya fi ƙirar jan hankalinka, sauke Orbiter ka gwada kai Delta-glider tashar sararin samaniya ta ISS. Kafin nan dai, duba inda laimarka take a jerin matakai.