Ƙwayar hana amai ta cinye wa 'yata yawon Sallah

Tun bara na yi wa 'yata alkawarin cewa bana sai ta hau lilon nan mai kujeru da ke juyawa da mutane. Shekarunta 9, kuma Allah Ya yi ta da saurin tashin zuciya. Ko Zariya za mu, kafin mu kai Jaji ta riƙe leda a hannu. Bara zagaye kaɗan lilon ya yi da ita ta sauko tana haɗa gumi, ta amayar da naman Sallar da ta ci a kan sabon leshinta. Ta yi kuka ranar, kukan kunya.

Shi ya sa washegarin Sallah na biya wani kemis a unguwarmu na ce a ba ni maganin aman mota. Yaron shagon ya yanko min ƙwaya huɗu daga jikin kati, babu kwali, babu takardar bayani. Abin da na iya karantawa a baya shi ne promethazine 25mg. Na ce ya zan ba ta? Ya ce, "Hajiya, ɗaya kawai, in za ku fita." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na ba ta ɗaya muka hau Keke Napep. Mun yanki tikiti, mun bi layi cikin rana, ta hau lilon sau ɗaya ta sauko lafiya, har na fara yi wa Allah godiya. Ba a jima ba ta ce, "Umma, bakina ya bushe." Na saya mata ruwa. Sai ta jingina da ni, idanu suka yi nauyi. Wallahi a kan benci yarinyar nan ta kwanta, ga kiɗa, ga ihun yara, ba ta san ana yi ba. Ina zaune ina mata fifita da gefen mayafina, ƙannenta na hawa mota mai karo suna ɗago mata hannu. Lallen da aka kwana ana zana mata, jakarta, takalminta, duk a benci suka yi Sallah. Na tsorata har na kira Abbansu ya zo ya ɗauke mu. Ba ta dawo daidai ba sai da safe, kuma tambayarta ta farko ita ce yaushe za mu tafi wurin lilon.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta warware min. Ta ce maganin yana sa barci sosai, yana iya kai awa 12 a jiki, yarinya kamar tawa rabi ake ba ta, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2 sam. Ta ce jirin kansa daga cikin kunne yake tasowa: akwai wurin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda jiki ke motsi, to idan labarinsa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai zuciya ta tashi. Yara daga shekara 2 zuwa 12 suka fi fama da shi.

Gaskiya ba zan ce maganin ba ya aiki ba. Ko yunƙurin amai ba ta yi ba. Da muka je Kano biki na ba ta rabi tun kafin mu tashi, ta yi barcinta har Kwanar Dangora, ledarmu ta dawo a bushe. Don doguwar tafiya zan sake saya.

Amma don wurin wasa, a'a. Da muka koma ranar Asabar ban ba ta komai ba sai shayin ɗanyar citta, irin ta Kachia da ake kawowa Kasuwar Bacci. Ta ci biredi kaɗan, na hana ta soyayyen nama da masa. Na ce ta jingina kanta kar ta riƙa waige-waige, ta kafa ido a kujerar gabanta, in ta sauka mu zauna a inuwa kafin ta hau wani. Sau biyu ta hau. A na biyun ta ce kanta ya ɗan juya, muka tsaya a nan. Citta ba ta kai ƙwayar ƙarfi ba, ban kuma ce za ta yi wa kowane yaro ba, amma dai idon 'yata biyu ta yi wasanta.

Har yanzu in na wuce ƙofar kemis ɗin nan raina ɓaci yake. Da ya ce min "tana sa barci", da ya tambaye ni shekarun yarinyar, da ban ba ta ba. Ƙwaya biyu da rabi da suka rage suna can saman durowa inda hannun yara ba ya kaiwa.