Ƙofa da taga masu lanƙwasa: Revit, ArchiCAD ko SketchUp?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya ce an ba shi zanen gida mai zagayayyen zaure, mai gidan yana son ƙofa mai baka da tagogi uku a jikin bangon, yana kuma tambaya tsakanin manhajojin zanen gini na Revit da ArchiCAD da SketchUp wacce za ta fitar masa da aikin ba tare da ya sha wuya ba. Ga nawa ganin.

Ƙanena, lanƙwasa iri biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ake gani in an tsaya a gaban gini: saman tagar ya yi baka, amma firam da gilashi a miƙe suke. Akwai kuma wadda sai a filan, wato zanen gini kamar ana kallonsa daga sama, take bayyana: bangon ne ya zagaya, ana son firam da gilashi su bi shi. Ta farko kowacce cikin ukun za ta yi maka. Ta biyun ce ke raba su, ita ce kuma ke cin kuɗin mai gida.

Mu fara da mai baka.

ArchiCAD ta fi sauri a nan, ba ja. Tagogi da ƙofofi masu baka suna cikin laburaren shiryayyun kayan gini da ke zuwa tare da ita. Ka zaɓa, ka rubuta faɗi da tsawo da tashin bakan, shi ke nan. Kayan laburarenta an rubuta su da harshen GDL na kamfanin Graphisoft, don haka lissafin yana gudana a bayan fage, kai lambobi kawai kake canzawa. In siffar da kake so ba ta ciki, sai ka zana tagar a kwance a kan filan da kayan zana daɓe, ka ƙara wani daɓen mai siffar ramin da za a huda, ka sa masa suna Wallhole, ka ajiye su gaba ɗaya a matsayin taga. Za ta huda bango daidai da siffar. Aibinta shi ne irin wannan tagar ba ta da wayo: in ka ja faɗinta daga milimita 900 zuwa 1500, kaurin firam ɗin ma zai miƙe tare da ita. Kowane girma gara ka yi masa tasa.

Revit kuwa sai ka zauna. Kowace taga a wurinta famili ce, wato samfurin da ake ginawa sau ɗaya a riƙa canza masa girma, kuma in ba ka sami wadda ta dace ba, kai za ka gina ta a Family Editor. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bakan: ka zana shi ya yi kyau, kana canza faɗi sai manhajar ta ce ƙa'idojin da ka ɗaure ba su daidaita ba. Maganinsa abu biyu ne. Ka bayyana alamar cibiyar bakan, ka kulle ta a kan layukan ma'auni, sannan kar ka bar radiyas, wato nisan cibiya zuwa bakan, a hannu, ka ba shi lissafi. Ga baka mai cibiya ɗaya, radiyas shi ne rabin tashin bakan a tara da faɗi sau faɗi da aka raba da ninki 8 na tashin. Taga mai faɗin milimita 1200 da tashin 300 za ta ba ka 150 da 600, wato 750. In tashin ya kai 600, radiyas ya zama 600, ka sami rabin da'ira cif. Da zarar ka ɗaure wannan, famili ɗaya za ta haifa maka kowane girma, kaurin firam bai motsa ba. Wahalar yini ɗaya ce, amfanin kuma na shekaru. Wani abin lura: famili ɗaya ba ta yarda a huda bango da ramin da ta zo da shi kuma a huda da Void, wato siffar da ke yanke duk abin da ta shiga, a lokaci guda. In kana son bakin tagar ya buɗe ta ciki fiye da ta waje, goge na asalin tukuna.

SketchUp ba ta da laburare mai wayo irin wannan, amma hannu ya fi sakewa a cikinta. Ka zana baka, ka ja firam da Follow Me, kayan aikin da ke jan siffa ta bi layi, minti kaɗan ka gama. Sai dai ka sani ba ta da da'ira ta gaskiya. Da'irarta kamar shingen kwano ce da aka zagaya da shi falle-falle: guntayen layuka miƙaƙƙu 24 a cikakkiyar da'ira, 12 a baka, sai in kai ka ƙara. A hoto daga nesa ba a gani. Ranar da ka fitar da zanen zuwa manhajar AutoCAD ko ka aika wa mai injin yanka, kusurwoyin za su fito. Ka ƙara yawansu tun lokacin zana bakan, domin bayan ka ja shi ya zama jiki, gyaran ya zama aiki sabo.

A gefe guda, in mai gidan bakan gizo yake nufi irin na magina na da, kamar waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, to ba laburaren da zai ba ka shi. Wancan da azara da ƙasa aka tayar da shi hawa-hawa, ba daga cibiya ɗaya aka ja shi ba. Sai ka auno ko ka bi sawun hoto. A wannan aikin SketchUp da dabarar Wallhole sun fi Revit daɗin hannu.

To, mu zo kan bangon zauren.

Ka sa taga a zagayayyen bango a Revit, za ta zauna, za ta huda, amma a miƙe take. Tambayar ita ce ko hakan matsala ne, kuma lissafi ne ke amsawa. A bango mai radiyas mita 3, taga mai faɗin 1200 za ta kauce wa lanƙwasar da kusan milimita 61 a tsakiyarta. A radiyas mita 6, kusan 30. In ka rage faɗin tagar zuwa 600 a wancan bangon na mita 3, kaucewar ta dawo 15. Bulo inci tara kaurinsa 225 ne, ka ga ke nan miƙaƙƙen firam zai ɓuya a cikinsa, filasta ta cike sauran. Sai bango ya matse zuwa mita 2, inda kaucewar ke haura 90, sannan wurin ɓoye firam ya fara ƙaranci. Shi ya sa nake cewa yawancin tagogin da muke wahalar lanƙwasawa a kwamfuta, a wurin gini miƙaƙƙu ake sawa. Gilashi mai lanƙwasa sai an gasa shi a kan ma'auni a masana'anta, alminiyam ma sai an bi da shi ta injin murɗawa, kuma ranar da yaro ya jefe shi da dutse ba a bakin titi za a yanko wani ba. Tagogi siraru uku a jere sun fi babba ɗaya mai lanƙwasa sauƙi ta kowace fuska.

In mai gidan ya dage, ga yadda suke. ArchiCAD ta san tana cikin zagayayyen bango: tana ba ka zaɓi ko gefunan ramin su tafi a jere da juna ko su nufi cibiyar da'irar, kuma dakalin taga da adon gefenta suna daidaita kansu. Wannan zaɓin ƙarami ne a ido, amma shi ne bambancin yadda birkila zai yanka bulo. Revit ba ta da shi a tagar yau da kullum. Curtain Wall ɗinta, wato bangon gilashi, ma in ka zagaya da shi, gilashin falle-falle yake fitowa tsakanin layukan rabo. Dabarar da aka saba ita ce ka ƙirƙiri siririn bango wanda kayansa gilashi ne, ka sa shi a madadin fallen, sai ya bi lanƙwasar. Kyau zai yi, amma manhajar ba ta ɗauke shi taga ba, don haka ba zai shiga jadawalin tagogi da kansa ba. Ɗaya hanyar ita ce Model In-Place, wato ka gina tagar a nan jikin bangon, ka ba shi rukunin taga, ka huda bango da Void. Ga tagogi uku ba laifi. Ga talatin, fayil zai yi nauyi, kuma duk gyara sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

SketchUp a nan Push/Pull, kayan aikin turawa ko jawo fuska, ba ya aiki a kan fuska mai lanƙwasa, kuma tagar da aka saita ta huda bango fuska ɗaya kawai take hudawa. Ka yi jikin ramin daban, ka soka shi cikin bangon, ka yi Intersect Faces ka goge abin da ya rage, ko ka cire shi da Solid Tools in kana da SketchUp Pro. Ƙarin manhajoji irin su Joint Push Pull da Shape Bender suna rage wahalar. Amma mai gida ya ce a matsar da tagar taku ɗaya, sai ka toshe ramin ka sake hudawa, alhali a sauran biyun ja kawai za ka yi.

Ƙofar ce na fi so ka kula da ita, domin ba manhajar da za ta gargaɗe ka. Ƙyaure mai baka in ka dasa shi a tsakiyar kaurin bango, yana buɗewa ƙololuwarsa tana juyowa wajen gefen hinji, inda bakan ya riga ya sauko, sai ta daki kankare kafin ƙofar ta gama buɗewa. A filan ba za ka gani ba, don alamar buɗewar layi ne kawai. A ArchiCAD kana iya buɗe ƙyauren a 3D ka duba, a SketchUp ka juya shi da Rotate, a Revit kuwa sai in an gina juyawar a cikin familin. Mafita ita ce ka jawo firam ɗin daidai fuskar bangon da ƙofar ke buɗewa, ko ka ɗaga bakan ciki ya fi na waje, ko kuma ka bar ƙyauren mai kusurwa huɗu ka sa kafaffen gilashi a cikin bakan samansa. Ta ƙarshen ita ce mai walda zai fi yi maka daidai.

Ni a zaurenka, in ArchiCAD na hannunka, kar ka je ko'ina. In ofishinku da injiniyanku a Revit suke, ka zauna ka gina famili ɗaya mai kyau ta taga mai baka, miƙaƙƙiya, ka sa ta a bangon. SketchUp ka bar ta wajen nuna wa mai gida siffofi biyu uku ya zaɓa. A takardar da za ta je wurin gini kuma, ka rubuta radiyas, da tsayin da bakan ya fara daga daɓe, da wurin cibiyarsa, sannan a yanka samfuri ɗaya a katako wanda kafintan linta da mai alminiyam za su yi aiki da shi su biyun.